Abin da shirin UB40 ya koya mini kafin in bar gidan rediyo

Jiya na miƙa makullin situdiyo bayan shekara tara ina haɗa shirin tsofaffin waƙoƙi na daren Lahadi. Da za a ce in faɗi ranar da ta fi tsaya mini a rai, ba sai na yi dogon tunani ba: 7 ga Nuwamban 2021.

Da yammacin ranar na ga labarin rasuwar wani mawaƙin UB40. Na san ƙungiyar tun ina yaro, daga kaset ɗin yayana. Samari takwas ne, baƙi da farare, suka kafa ta a Birmingham ta Ingila a 1978, suka raɗa mata sunan takardar da marasa aikin yi ke cikewa don karɓar tallafin gwamnati. Suka ɗauki regen Jamaika suka kai shi gidajen da bai taɓa shiga ba. Wannan sanin ne ya ja ni. Na kalli kan labarin kawai, na ga sunan Ali Campbell, babban mawaƙin ƙungiyar, na rubuta ta'aziyyarsa, mai gabatarwa ta karanta wa duniya.

Ashe wani abokin waƙarsa mai suna Astro ne ya rasu, wato Terence Wilson, yana da shekara 64. Ali yana nan da ransa. Abin da ban bi ba shi ne rabuwar da suka yi. Ali ya fice a 2008 kan rigimar kuɗi da yadda ake tafiyar da ƙungiyar, ɗan'uwansa Duncan ya maye gurbinsa, Astro kuma ya bi Ali a 2013. Sai aka wayi gari da UB40 biyu, ɗaya tana ɗauke da sunan Ali da Astro a jere. Nan idona ya zame. Ni ina riƙe da ƙungiyar yadda take a 1983, ita kuwa ta daɗe da darewa, har ɗan'uwa ba ya ga maciji da ɗan'uwansa.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma rubutun ya bi ta teburin shugaban sashe, ya sa hannu bai karanta ba. Da safe a gaban kowa ya ce, "Malam, ka zubar mana da mutunci." Takardar tuhuma ni kaɗai aka ba. Shi ko tari ba a ce ya yi ba.

Tun daga ranar ba na sanar da mutuwa sai na ganta a majiya biyu, na karanta har ƙasa. Ba na sa hannu a kan abin da ban karanta ba, ko da mai shi yana tsaye a kaina.

Lahadin da ta biyo, ni na roƙa aka ba ni minti ashirin. Na nemi gafarar masu sauraro da bakina, sannan muka yi wa Astro shirin da ya cancanta, har muka haɗa da Brian Travers mai busa wa ƙungiyar sakso, wanda ya riga shi rasuwa a watan Agusta. Wani direban tirela ya bugo daga hanya ya ce a maimaita masa. Shugaban sashe bai saurara ba.