Abin da hanyar Dakoro ta koya min game da sayen moto na hannu

Aikina sayen wake da aya da riɗi ne a kasuwannin ƙauye, ina yi wa wani Alhaji a nan Maradi, kuma duk wanga yawo bisa moto nake yin shi, yau Tchadoua gobe Aguié jibi Mayahi, wani lokacin har Dakoro. To tunda samari suna yawan tambayata wane moto na hannu ya kamata su saya don doguwar tafiya, bari in faɗi abin da na gani.

Moton tafiya ba da ido ake zaɓen shi ba, da baya ake zaɓe. Ina nufin bayanka na jiki. A cikin gari daga babbar kasuwa zuwa Zariya ko Ali Ɗan Sofo kowane moto daɗi gare shi, minti goma ka sauka. Amma Maradi zuwa Damagaram ya haura kilomita 200, ka wuce Gazaoua ka wuce Tessaoua ka wuce Takieta, a nan ne za ka san soson kujerar nan ya mutu tun zamanin mai shi na farko, kuma masu sayarwa sun iya sabunta fatar sama su bar mataccen soso a ciki. Ka danna da babban yatsa, in ka ji ƙarfe ko roba a ƙasa to ka sa kuɗin sabon soso cikin lissafi. Sannan ka hau ka zauna yadda kake zama da gaske, in kan moton yana sa ka duƙawa gaba wallahi kafin Aguié wuyanka da kafaɗa sun fara magana. Wasu yara suna son masu siffar tsere saboda hoto, su dai suka sani.

Wani tsohon bakanike da nake kai wa gyara shi ya koya min zuwa ganin moto da sassafe. Ya ce ɗana, kar ka yarda a kawo maka shi da zafi, ka je gidan mai shi ka taɓa injin ka ji da sanyi sannan ka ce a tada. Injin da ya gaji yakan ɓoye halinsa in ya yi zafi. In ya tashi ka koma baya ka kalli bututun hayaƙi, shuɗin hayaƙi a inji mai taki huɗu yana nufin yana cin man inji, galibi zoben fistan ne ya cinye. Ka zaro sandar awon mai ka shafa a yatsa, in man ya yi kauri fiye da kima ka yi tunani, akwai masu zuba mai kauri don ya rufe ƙarar inji na kwana biyu. Lambar kilomita da ke kan agogo kuwa ni ban ma kallonta, waya ɗaya ake cirewa ta tsaya cak. Gara ka duba haƙoran faranti na sarƙa in sun yi tsini sun karkace, da robar wurin taka ƙafa, waɗannan ba su iya ƙarya.

Amortisa, wato abin da ke shanye jijjigar hanya, ita ce inda na fi daɗewa. Hanyar laterit, wato ta jar ƙasa, in ta yi tudun nan ƙanana-ƙanana a jere, moto mai matacciyar amortisa sai ya riƙa jijjiga ka kamar ana tankaɗe gari, har haƙoranka su riƙa haɗuwa. Ka riƙe birkin gaba ka danna kan moton ƙasa, in ya dawo a hankali lafiya, in ya yi ta tsalle ko ka ga mai yana tsatsa a jikin sandunan gaba an gama da su. Ka leƙa ƙarƙashin tanki da wajen kujera ka nemi walda a jikin firam, musamman in moton ya yi kabu-kabu ko ya yi dakon jarkoki ta hanyar Ɗan Issa, don irin wanga lodi yana tsaga ƙarfe kuma fenti yana rufe komai. Tayoyi ma akwai lamba huɗu a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 yana nufin sati na 23 na 2019, taya na iya zama da zane mai kyau amma ta bushe da tsufa.

Kan wane iri kuma, ni ra'ayina ɗaya ne, ka sayi wanda mai gyaran ƙauye ya sani. Yamaha DT 125 babu kamarta a rairayi, shi ya sa ma'aikatan daji suka daɗe suna sonta, in za ka wuce Dakoro ka nufi Bermo za ka gode mata. Amma taki biyu ce, tana buƙatar man 2T, wato man inji na musamman da ke ƙonewa tare da esansi, tana shan esansi, kujerarta doguwa ce siririya, kuma kayanta na asali ba ko'ina ba. Boxer ta Bajaj ko Kasea ko Haojue ba su da wannan kwarjini, amma in sarƙa ta tsinke maka a kasuwar Sabon Machi za ka samu wanda zai haɗa ta kafin ka gama shan fura. Haka ƙafa mai waya ta fi min ta alminiyam, in ta bugi rami ana miƙe ta, waccan kuwa tsagewa take.

Maganar mai ma ta canza lissafi. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ruwa-ruwa, wato man da ake ƙetarowa da shi ana sayarwa a bakin hanya, ya daina zama araha irin ta da, to girman tanki da yawan shan moto sun zama abin dubawa sosai, ga kuma man kwalba da wani lokaci yake zuwa da datti ko gauraye. Ni dai na sa ƙaramar matatar mai, wato filta, a kan tiyon mai, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ta rage min kwance karburato.

Takardu kar ka yi wasa da su ko da mai sayarwa ɗan unguwarku ne. Ka duba takardar duwan da kart giriz, wato takardar rajistar moto, ka ɗauko lambar firam da ke jikin moton ka gwada da ta takarda harafi bayan harafi, in ka ga alamar an goge an sake bugawa ka yi sallama ka tafi. Muna bakin iyaka, motocin sata suna ƙetarowa ta kowane ɓangare, kuma jandarman da zai tsaida ka a hanya ba ruwansa da cewa ai dillali ya rantse maka. A rubuta takardar ciniki da shaidu biyu.

Sannan in kana da jika ɗari uku misali, kar ka zuba su duka a ciniki. Ka rage na bidanj, wato canjin man inji, sabuwar buji, sarƙa da faranti, tiyub na ajiya da famfo, da kaske mai gilashi, don lokacin hunturu ƙurar hanyar Mayahi ba ta barin ido a buɗe.