Yaƙin Burma a talbijin: ina namu sojojin?

Duk mai son tarihin Yaƙin Duniya na Biyu sai ya ci karo da The World at War, shirin da gidan talbijin na Thames a Ingila ya fara nunawa a 1973, kashi 26. Har yau ana maimaita shi, kuma da dalili. Furodusansa, Jeremy Isaacs, ya gane cewa waɗanda suka ga yaƙin da idonsu suna nan da rai amma tsufa ya fara kama su, sai ya tura ma'aikatansa suka zaunar da su gaban kyamara. Akwai Albert Speer, ministan makaman Hitila. Akwai Traudl Junge, sakatariyar Hitila da ta buga wasiyyarsa a Balin. An kuma buɗe shirin da kangayen Oradour-sur-Glane, ƙauyen Faransa da sojojin Jamus suka kashe mutanensa fiye da 600 a rana guda a watan Yunin 1944. Ba ihu, ba kwarmato, Laurence Olivier yana bayani a natse, amma sai tsigar jikinka ta tashi.

Ina yaba aikin ƙwarai. Sai dai kashin da aka yi kan Burma ya bar ni da ƙullutu a zuciya. Na ga Lord Mountbatten, babban kwamandan sojojin ƙawance a yankin, na ga hafsoshin Turawa, har da mawaƙiya Vera Lynn wadda ta je nishaɗantar da sojoji. Ban ji muryar ɗan Afirka ta Yamma ko ɗaya ba. Alhali runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Birtaniya, da suka ratsa dazukan Kaladan da Arakan, 'yan Najeriya ne da Gana da Saliyo da Gambiya, kuma da yawansu Hausa suke ji. A Janairun 1945 su suka kama garin Myohaung. Mu kanmu muna wuce barikin Dalet a Kaduna ko na Chindit a Zariya, ba tare da mun san daga can sunayen suka zo ba.

A unguwarmu akwai wani tsoho mai gadin shago, ɗan mazan jiya, da yake ajiye lambobin yabonsa cikin gwangwanin sigari, nannaɗe da tsumma. In ya so hira sai ya ba mu labarin matsattsaku, yadda suke liƙe wa mutum a ƙafa cikin damina sai an ɗosana musu wutar taba su saki, da yadda jirage suke jefo musu abinci daga sama domin babu hanyar mota. Mu yara dariya muke yi, mu ce Baba ya fara. Allah ya jiƙansa, babu wanda ya naɗi muryarsa.

Sai a 2011 na ga an ɗan share mana hawaye, lokacin da Al Jazeera ta nuna Burma Boy na Barnaby Phillips. Labarin Isaac Fadoyebo ne, ɗan ƙasar Yarabawa da Japanawa suka harbe a 1944 a bakin kogin Kaladan, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo na tsawon watanni. Phillips ya bi sawu har ƙauyen, ya kai wa iyalan manomin wasiƙar godiya. A ganina wannan tsoho ɗaya, zaune a gidansa a Legas, ya faɗa mana abin da taswira da kiban janar-janar ba za su iya ba. Fadoyebo ya rasu a 2012.

Yanzu saura na yaƙin basasa. Wanda ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara 18, yau ya doshi tamanin. Suna nan a Kaduna da Jos da Makurɗi da Inugu, wasu kullum kan layin fansho, gidajen talbijin ɗinmu kuwa sai ranar 15 ga Janairu suke nuno faretin ajiye furanni na minti biyu a cikin labarai.