Abin da aikin mastas ɗina ya koya min

Tunda takarda ta fito na dawo ƙauyenmu a gefen Ringim, bari in yi magana da ƙannena masu shirin shiga fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi.

Aikina kan kwak masu nauyi ne, musamman wanda ake kira botom. Kwak su ne ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su yi irin su furoton. Bayanan da CERN, cibiyar binciken ƙananan ƙwayoyi ta Turai, ta saki kyauta a intanet na yi amfani da su, na karon furoton da furoton da na'urar CMS ta ɗauka a 2011 a ƙarfin 7 TeV (TeV da GeV ma'aunin ƙarfi ne, TeV ɗaya GeV dubu ne), a zoben da ake kara furoton da juna a cikinsa, mai kilomita 27, da ke ƙarƙashin iyakar Suwizalan da Faransa. A irin wannan ƙarfin yawanci giluwon ɗin da ke cikin furoton biyun, wato ƙwayoyin da ke ɗaure kwak wuri ɗaya, su ne ke haɗuwa su haifi kwak da kishiyarsa. Shi botom ba a ganinsa shi kaɗai, ƙwayar B yake shiga, ita kuma rayuwarta kamar fikosakan 1.5 ce (fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan), ta ɗan matsa milimita kaɗan ta tarwatse. To wannan 'yar tazarar ita ce duk aikina, raba wata ƙwaya mai suna J/psi, wadda aka haifa a wurin karon da wadda ta fito daga B can gaba, tunda dukansu miyuwon biyu (ƙwaya irin ilektiron amma ta fi nauyi) suke bayarwa a 3.1 GeV.

Lokacin yajin aiki a gida na yi mafi yawansa, laftof a shagon mai caji da rana, da daddare in hau bayan makarantar firamare inda sabis ke kamawa in bar fayil yana sauka ana cizon sauro.

Da na kai wa malamina jadawalin sakamakona ko minti biyu bai duba ba ya ce shirme ne in sake. Na sake, na kuma sakewa. Kwatsam sai ga jadawalina na farko a takardar wani taro, har kalar layukan da na zaɓa, sunansa a sama da na wani ɗalibin da wallahi bai taɓa buɗe ROOT, manhajar da muke tace bayanan da ita, ba, nawa babu. Na je ofis na durƙusa na ce ranka ya daɗe na ga kamar an manta sunana, ya ɗago ya ce kai kana son ka gama ko kuwa? Na ce ina so. Har yau abin na ci min rai, ba zan ɓoye ba.

Don haka duk abin da za ku ba babba ku tura ta imel da kwanan wata, kar ku miƙa a filash. Ku koyi lissafin kuskuren awo tun da wuri. Kar ku yarda da siminleshan ɗin PYTHIA, manhajar kwaikwayon karo a kwamfuta, ido rufe sai kun gwada shi da bayanan gaske.

Yanzu ina koyarwa a sakandaren garinmu, da yamma kuma na fara kan kwak ɗin tof, mai nauyin kusan 173 GeV da aka gano a cibiyar bincike ta Fermilab da ke Amurka a 1995, wanda ke tarwatsewa tun kafin ya haɗu da wani kwak. Wannan karon ni kaɗai nake yi, kuma lambobin suna fitowa daidai.