Hawan iska da ƙaramin jirgi: inda na kai a wannan damina

'Yan'uwa masu koyon tuƙin jirgin ƙyalle, ga bayanin inda na kai kan matsalar da ta dame mu duka, wato yadda jirgi zai hau iska sosai, ya nufi wajen da take fitowa, a ranar da ta yi ƙarfi. Tun da damina ta kankama a Legas iskar kudu maso yamma take samun ƙarfi da rana, kuma duk ranar da ta haura kilomita 30 a awa sai in ga abu guda yana maimaituwa: mu tashi tare da ƙwararru daga wuri ɗaya, goshin jirgina yana kallon inda nasu yake kallo, amma kafin a je nesa sun yi sama, ni kuwa ruwa ya zame da ni gefe.

Jirgin da nake koyo da shi Laser ne, wanda Bruce Kirby ɗan ƙasar Kanada ya zana, ya shigo kasuwa a 1971, aka kuma fara gasar Olamfik da shi a 1996. Tsawonsa mita 4.2, nauyin gangar jikinsa wajen kilo 59, babban ƙyallensa murabba'in mita 7.06. Mutum ɗaya ke tuƙa shi, ƙyalle ɗaya gare shi, kuma doguwar sandar da ke riƙe da ƙyallen ba ta da wayoyin da suka ɗaure ta, lanƙwasawa take yi. Wanda ke da jirgi mai ƙyalle biyu zai ga wasu abubuwan sun bambanta, amma tushen maganar ɗaya ne.

Babu jirgin ƙyalle da ke shiga cikin idon iska kai tsaye. Irin namu yana iya tafiya da kusurwar da ta kai digiri 45 daga inda iskar take fitowa, sai a yi ta juyawa dama da hagu har a isa. Abin da na fahimta a bana shi ne inda goshi yake kallo daban, inda jirgi yake zuwa daban. Na sa waya a jakar da ruwa ba ya shiga, na bar ta tana zana hanyar da na bi. Da na dawo gaɓa na duba, sai na tarar tsakanin tafiyata ta dama da ta hagu kusurwar ta buɗe fiye da digiri 90 nesa ba kusa ba, alhali a kan ruwa ina ganin kamar na matse iska iya matsewa. Ku gwada wannan kafin ku taɓa kowace igiya, domin ido yana ruɗin mutum a kan ruwa.

Dalilin zamewar yana ƙarƙashin jirgi. Allon nan da muke zurawa ta tsakiya aikin fiffike yake yi a cikin ruwa, kuma ba ya riƙe jirgi sai ruwa yana wucewa ta jikinsa da gudu. Kamar keke ne: idan yana gudu ya tsaya daidai, idan ya rage gudu ya fara tangaɗi. Da zarar ka cusa goshi cikin iska fiye da kima, ƙyalle ya fara kaɗawa, gudu ya ragu, allo ya saki, sai jirgi ya riƙa tafiya da haƙarƙari. Lissafin ma yana nuna haka. Wanda ya matse zuwa digiri 40 yana tafiyar kilomita 7 a awa, abin da yake ci na hawan iska bai wuce kilomita 5.4 ba. Wanda ya saki zuwa digiri 45 yana tafiyar kilomita 9, yana cin kusan 6.4, kuma zamewarsa ta fi ƙanƙanta. Saboda haka yanzu bayan kowace juyawa nakan ɗan buɗe, wato in ɗan kawar da goshi daga iska, in bar jirgi ya ɗauki gudu tukuna, sannan in fara hawa a hankali.

Abu na biyu, wanda ya fi cin ƙarfina, shi ne karkata. Ƙarfin da iska ke sa wa ƙyalle ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Ƙyallen da ya yi maka daidai da safe, da la'asar ya fi ƙarfinka. Idan jirgi ya karkata, siffar cikinsa a ruwa ta sauya, ƙyallen kuma ya koma can gefe yana tura shi, sai ya dinga neman juyawa cikin iska da kansa. Kai kuma ka ja sandar tuƙi wajenka don ka hana shi, allon tuƙi ya gicciye a ruwa ya zama birki. Za ka ji nauyin a hannunka, ka kuma ji ruwa yana gurnani a baya. Na mai da wannan nauyin ma'aunina. Idan ina iya riƙe sandar da yatsu biyu, jirgi yana kwance daidai. Idan sai na damƙe ta, akwai abin gyara.

Gyaran kuwa rage wa ƙyalle ciki ne, kuma igiyoyi uku ke yin aikin. Ta farko ita ce Kaningam, wadda ke jan gaban ƙyalle ƙasa a jikin doguwar sanda. A da ina jan ta ne kawai har tamoji su ɓace. Yanzu idan iska ta tashi ina sa ƙafa in tokare, in ja har zoben ƙyallen da igiyar ke bi ta ciki ya kusa taɓa bum, wato kwantacciyar sandar ƙasa. Tana dawo da zurfin ƙyalle gaba, tana kuma buɗe samansa ta baya, iskar da ta yi yawa ta zube ta can sama, inda ta fi karkatar da jirgi. A cikin duk abin da na gwada, wannan ce ta ba ni sauƙi nan take.

Ta biyu ita ce igiyar da ke danne bum ƙasa. Wannan na daɗe a kanta, don ita ce ke da riba da haɗari tare. Idan ta yi sako-sako, duk lokacin da guguwa (wato bugun iska mai ƙarfi na ɗan lokaci) ta bugo ka sassauta babbar igiya, wadda ke hannunka kana jan bum ciki ko sakinsa da ita, bum ɗagawa yake yi sama, doguwar sanda ta miƙe, ƙyalle ya ƙara ciki, wato ka ƙara wa kanka ƙarfi a daidai lokacin da kake neman ragewa. Idan ta ɗaure tamau, sanda tana nan a lanƙwashe, ƙyalle a shimfiɗe, bum kuma gefe kawai yake fita ya dawo. Yadda nake yi: in ja babbar igiya har fuli biyun nan na baya, wato ƙananan gargaren da igiya ke bi ta kansu, su haɗu, in kwashe sako-sakon igiyar dannewa, sannan in ƙara ja gwargwadon iskar ranar. Amma ku kula da abu biyu. Bum yana saukowa ƙasa sosai, wajen juyawa sai ka sunkuya da kyau, in ba haka ba ya kama rigar kariya ta baya ya kifar da kai. Kuma kafin ka juya ka bi iska dole ka sassauta ta, don idan ba ka yi ba ƙarshen bum zai tsoma a ruwa, jirgi ya ƙi juyawa, sanda kuma ta sha wahala.

Ta uku, mai miƙa ƙasan ƙyalle, ban ja ta har ƙarshe ba. A ruwa mai laushi ana iya miƙe ta sosai. Amma a bakin tashar Legas, idan ruwa yana janyewa zuwa teku iska kuma tana bugowa daga can, raƙuman ruwa gajeru ne masu tsayi, kowanne yana dukan goshi yana tsayar da jirgi. A nan ina barin ɗan ciki, kamar faɗin tafin hannu tsakanin ƙyalle da bum, domin jirgi ya samu abin da zai huda su. Igiyar baya kuwa, wadda fuli ke gudu a kanta, a ɗaure take kullum, fulin yana can kusurwa.

Duk wannan ba ya maye gurbin fitar da jiki. Ƙafa a cikin maɗaurin da ke tsakiyar jirgi, ɗuwawu a waje da gefen jirgi, kafaɗu a baya. Cinya tana zafi, ciki yana zafi, ba yadda za a yi. Abin da ya taimake ni shi ne daidaita tsawon maɗaurin, ta yadda gefen jirgi zai zauna a tsakiyar bayan cinyata, gwiwa ba ta lanƙwashe da yawa ba. Kuma na daina jiran guguwa ta iso. Ana ganin ta tana zuwa, ruwa yana yin duhu yana yamutsewa a gaba. Kafin ta taɓa ƙyalle na riga na fita, hannuna a shirye ya saki igiya kamu ɗaya ko biyu, in ɗan ɗaga goshi kaɗan, da ta wuce in ja in mayar. Hannun igiya ba ya hutawa a irin wannan rana.

Kan raƙuman ruwa har yanzu ina koyo. Ƙa'idar ita ce ka ɗan hau iska yayin da goshi ke hawa, ka ɗan buɗe yayin da yake sauka, jiki yana komawa baya yana dawowa gaba tare da shi. Idan na dace jirgi yana wucewa shiru. Idan ban dace ba sai ka ji "fam", ruwa ya cika wurin ƙafa. Matsawa baya kamar taki ɗaya na hannu ya rage yawan ruwan da nake kwasa. Na kuma gwada ɗaga allon tsakiya 'yan santimita, kamar yadda wasu ke yi a iska mai ƙarfi. Sandar tuƙi ta yi sauƙi, gaskiya ne, amma sai jirgi yana gudu sosai yake biya, don haka nakan bari sai iskar ta kai inda ba na iya kwantar da jirgin ta wata hanya.

Wani dattijo da ya daɗe a wannan ruwa ya dube ni ina naɗe ƙyalle, ya ce, "Ɗana, nauyinka nawa?" Da na faɗa masa sai ya ce babban ƙyallen nan na masu kilo 80 ne zuwa sama, in nemi Radial. Ƙyallen Radial murabba'in mita 5.76 ne, jirgin bai canza ba, ƙyalle da guntun ƙasa na doguwar sanda kawai ake sauyawa, kuma guntun ya fi gajarta ya fi lanƙwasa. Na ara na fita da shi a rana mai iska. Jirgi ya kwanta, hannuna ya huta, kuma zanen da waya ta yi ya nuna kusurwar ta matse fiye da duk abin da na samu da babban ƙyalle. Masu ƙaramin jiki a cikinmu, kada ku ɗauki wannan a matsayin ja da baya. Akwai ma na murabba'in mita 4.7 ga waɗanda suka fi ƙanƙanta.

Ƙananan abubuwa da na duba a gaɓa: allon tuƙi ya sauka har ƙasa an ɗaure shi, don idan ya ɗan ɗaga baya sandar nauyi take yi. Gefen allon tsakiya ba shi da tsaguwa. Zaren ulun da ke manne a ƙyalle don nuna yadda iska ke bin jikinsa yana nan a ɓangarorin biyu. A iska mai ƙarfi na ciki yana iya ɗan rawa sama, ba laifi, amma na waje ya kwanta a miƙe. Tsohon ƙyallen da ya saki kuwa, ko ka ja igiya har ta tsinke ba zai shimfiɗu ba.

Abin da ya rage mini kafin iskar Agusta ta wuce shi ne juyawa. Da igiyar dannewa a ɗaure, jirgi yana son tsayawa cak a tsakiyar juyi idan raƙumin ruwa ya tare shi, har ya fara komawa da baya. Zan gwada zaɓen wuri mai laushi tsakanin raƙuma, in shiga da gudu, in saki babbar igiya da ɗan yawa yayin da nake tsallakawa, in ga ko zai fita ɗaya gefen da sauran ƙarfinsa. Wanda ya riga ya shawo kan wannan a cikinku, ina son jin yadda yake sa ƙafafunsa.