Awa biyar ɗin da ejan ya ce mana

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, kuma jirgin da ya miƙe kai tsaye yakan cinye su cikin awa biyar ko kusa da haka. Abin da ejan ya faɗa mana ke nan lokacin da zan raka Inna aikin Umara, bayan mun sayar da riɗi da bijimi a ƙauyenmu da ke bayan Ringim. Bai yi ƙarya ba. Ya dai ɓoye cewa tikiti mai arahar da ya yanka mana ba na jirgin da ke miƙewa ba ne.

Sai a wajen awo na gane, da ma'aikaciyar ta miƙo mana katin shiga jirgi bibbiyu. Na ce, "Hajiya, na biyun fa?" Ta ce ai a Adis Ababa za mu yada zango. Kafin in gama juya zancen a raina, babbar jakar Inna ta riga ta shige ciki, an manna mata takardar Jidda. Maganinta na hawan jini yana can, ƙulle a leda tare da yaji da garin kunu. Inna ta ce awa biyar ce kawai, in mun sauka ta sha.

Kano zuwa Adis kaɗai ya kai kilomita 3,300, kusan tsawon tafiyar Jiddan gaba ɗaya, sannan a ƙara wasu 1,400 zuwa arewa. Wannan ma da sauƙi. Zaman jira ne ya gasa mu. Garin a kan tsauni yake, sama da mita 2,300, ga sanyin dare, Inna kuwa daga ita sai mayafi. Ta riƙa dafe ƙeya tana cewa, "Ba komai, ɗan nan," ni kuma ina zagayen shaguna da dalar guzurinmu ina neman abin da ban san sunansa da yarensu ba. Kwalin maganin ma yana jaka.

Ga kuma agogo. Saudiyya da Habasha suna gaban Najeriya da awa biyu, lokacin da ke jikin tikiti kuma na garin da aka rubuta ne. Wanda ya yi lissafi da agogon hannunsa, ya sa 'yan gida cikin zullumi a banza.

Yanzu duk wanda ya zo shawara, cewa nake ya sa ejan ya nuna masa da yatsa: jirgi nawa ne, ina za a tsaya, awa nawa za a zauna. Magani kuma, da kwalinsa, a jakar hannu, da rigar sanyi.

Da muka dawo na je na sami ejan. Yana danna waya, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "To Alhaji, ba kun isa lafiya ba?"