Duna da Rumfar Inna

Ba sha'awa ce ta sa na kawo kare gidanmu ba. A daminar 2022, wadda mutanen nan ke kira kharif, aka ɗauke mana 'yan awaki biyu cikin mako guda daga garken da ke bayan gida. Na farko muka ce dila ne. Na biyun kuwa har igiyarsa aka kwance, dila kuma ba ya kwance igiya. Gidanmu a bakin gari yake a nan Mai Wurno, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, ta wajen da ake gangarawa kogi, in dare ya raba babu mai jin motsin wani. Wani abokina mai lambu a bakin kogin ya ce karyarsa ta haihu, in zo in zaɓa. Na ɗauko wani baƙi wuluk mai ɗan fari a ƙirji, ɗan sati bakwai, na saka shi a kwali na ɗaura a bayan keke. Yara suka raɗa masa Duna.

Inna ba ta ce uffan ba ranar. Ta dube shi, ta dube ni, ta janye butarta zuwa ƙarƙashin gado. Kakanninta na cikin waɗanda suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har nan, kuma tana yawan cewa tun daga can ba a taɓa kiwon kare a gidansu ba. Ni dai na riga na je wajen limamin unguwarmu. Ya ce hadisin da ya yi maganar raguwar lada ga mai ajiye kare ya togace karen farauta da na kiwo da na gona, don haka mai gadin garke ba laifi. Ya ƙara da cewa a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, babu ja a kai. Na ji rabin farko na yi murna, rabin na biyun ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan.

Kwana uku aka yi, asuba ta gari Inna ta fito za ta shimfiɗa darduma a rumfarta, ta taka jiƙaƙƙen yashi. Rumfar nan, da ake ce wa rakuba, nan ne masallacinta da ɗakin baƙinta da komai nata. Ni da kaina nake ɗebo mata farin yashi daga kogi, tana share shi safe da yamma har ya yi lumui. A duk faɗin gidan nan, da bayan garke da gindin dogon yaro da kwatami, Duna bai ga wurin da ya yi masa ba sai nan.

Abin da na yi, shi ne abin da na ga ana yi. Na kamo shi ta ƙeya, na dangwara hancinsa a wurin, na tsula masa tsumagiya biyu. Ya yi ta ihu. Washegari ya sake. Na ƙara masa. Cikin sati biyu abin da ya koya ɗaya ne: kada ya tsuguna in ina wurin. Sai ya faki idona, ya zagaya bayan randa ko ƙarƙashin angarib ɗin Inna, wato gadonta na igiya, ya yi abinsa ya fito yana kaɗa wutsiya. Dā a fili muke ganin ɓarnar, yanzu sai wari ya nuna mana. Inna ta koma salla a ɗaki duk da zafi, kuma ta daina amsa min gaisuwa da fara'a, wanda ya fi min ciwo fiye da faɗa.

Na yanke shawarar mayar da shi. Da na isa lambun, abokin nawa ya saurare ni yana ta dariya, sannan ya ja ni ya nuna min inda karyar ta haihu. Wani rami ne a gindin lemo, kewaye da farin yashin kogi, irin dai wanda nake kai wa Inna. 'Yan'uwan Duna na ta fitowa daga ramin suna tsugunawa a kai. Ya ce, "Kai ka shimfiɗa masa masai a tsakar gida, ka share masa shi tas, sannan kana dukansa don ya shiga?" Ashe kwikwiyo, tun yana ɗan sati bakwai zuwa tara, yake sabawa da irin ƙasar da tafin ƙafarsa ke takawa in zai yi fitsari, kuma ita zai riƙa nema. Sauran gidanmu kuwa baƙar laka ce ta wannan yanki, wadda in ruwa ya taɓa ta sai ta kama ƙafa kamar danƙo. Ko ni da takalmi ba na son shigarta da dare, balle shi.

Na dawo da shi, da buhu biyu na yashi a amalanke.

Na zube yashin a kusurwar bayan garke, nesa da rijiya da wurin wasan yara, na ɗan tayar da wurin yadda ruwa ba zai kwanta ba. Na kankare yashin rumfar Inna gaba ɗaya, har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa kamar kamu ɗaya, na kwarara ruwa mai yawa, na bar rana ta buga, sannan na zuba sabo. Liman ya ce ruwa ya isa tsarki. Tsarkin shari'a daban, hancin kare daban: wurin da mu muke ganin ya wanku, shi yana jin ƙanshin jiya, kuma ƙanshin ne ke kiransa. Don haka na ɗebi cikin shebur ɗaya na tsohon yashin da ya ɓata, na kai sabon wurin na barbaɗa. Ƙofar rumfar kuma na tare ta da tsohon kwanon rufi na tsawon wata biyu, Inna na tsallakawa tana tsaki.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ainihin wahalar. Kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari. Ƙiyasin da masu kiwon karnuka ke yi shi ne awa ɗaya ga kowane wata na haihuwarsa, wato ɗan wata biyu bai wuce awa biyu, in da rana ne yana farke. Kuma akwai lokutan da ba makawa sai ya yi: da ya tashi daga barci, bayan ya ci abinci da kamar kwata zuwa rabin awa, da kuma in ya gama guje-guje da yara. Ba ni da agogon da ya fi kiran salla, sai na ɗaura abin a kansa. Kafin in yi alwalar asuba in ɗauke shi in kai shi kan yashin. Da hantsi babban ɗana, da azahar uwargida, haka har isha'i, da ƙarin sau ɗaya tsakanin kowace salla, da sau ɗaya cikin dare in na tashi duba awaki. Ɗaukarsa ake yi a hannu, domin in ka bar shi ya biyo ka da ƙafa, a hanya zai sauke. In ya yi a wurin, nan take, kafin ya taka ko'ina, a miƙa masa ɗan guntun busasshen kifi. In ka bari sai kun dawo tsakar gida, ladan dawowa ka ba shi.

Abinci ma sai da na yi faɗa da yara. Duk wanda ya ci kisra ya jefa masa, wanda ya ci asida ya jefa masa, cikin da ke cika ko yaushe kuwa ba ka sanin lokacin da zai sauke. Muka tsayar da sau uku a rana. Ruwa dai ban hana shi ba. A zafin Sudan wannan zalunci ne.

In babu mai lura da shi, sai a saka shi a wani ɗan shinge da na yi da jan bulo a inuwar garke, domin kare ba ya son ɓata makwancinsa. Nan ma na yi kuskure. Tausayi ya sa na yi shi da faɗi, sai ya raba shi biyu, gefe ɗaki gefe masai. Da na rage shi ya zama daidai kwanciya da juyawa, abin ya tsaya. Amma ba wurin da za a manta da shi ba ne. Ranar da muka tafi suna muka bar shi tun safe har la'asar, mun tarar ya yi dumu-dumu, kuma ban ga laifinsa ba.

Sati uku muna jin daɗi, sai komai ya rushe. Ya koma yi ko'ina, ruwa-ruwa, cikinsa ya kumbura kamar tulu, gashinsa ya yi buzu-buzu. Na fara cewa taurin kai ne, uwargida ta ce, "Malam, wannan ba iskanci ba ne, ciwo ne." Na kai shi wajen likitan dabbobi a Sinnar. Tsutsar ciki ce, wadda yawancin 'yan kwikwiyo ke ɗaukowa daga uwa. Ya auna nauyinsa ya ba da magani, ya ce a maimaita bayan sati biyu, ya kuma yi masa allurar ciwon haukan kare tunda ya cika wata uku. Abin da ya fi tsaya min a rai, cewar da ya yi ƙwan tsutsar na zama a ƙasa, yaro mai wasa da yashi ya kai hannu baki ya ɗauka. Ya kuma hana ni jefa masa ɗanyen huhu ko hanta in an yi yanka, musamman mai ƙuraje masu ruwa, domin ta nan kare ke ɗaukar wata tsutsar da ke komawa ga mutane da dabbobi. Tun ranar, kowace safiya sai na kwashe kashin na binne.

Saura guda. Duk lokacin da na shigo gida, sai Duna ya rugo, ya kwanta rigingine a gabana, ya saki 'yan ɗigon fitsari. Na ɗauka aikin ne bai kammala ba. Uwargida ce ta sake lura: "Ni fa ba ya yi min, yara ma ba ya yi musu. Kai kaɗai yake yi wa." Ban amsa ba, don na san dalili. Tsumagiyar nan ta sati biyu ce. Ban-girma ne irin na karnuka, na mai jin tsoro, kuma tsawa ƙara shi take yi. Sai na riƙa shigowa ba na kallonsa, in ajiye keke, in sha ruwa, in ya lafa sannan in tsuguna ta gefe in shafa ƙirjinsa. Wannan ya fi komai daɗewa. Maganar rumfa ta mutu yana ɗan wata biyar, wannan kuwa sai da ya kusa cika shekara.

Da ya kai wata takwas ya fara ɗaga ƙafa yana yi wa tayar duk babur ɗin da aka jingine a ƙofar gida alama. Wannan ban iya raba shi da shi ba, sai dai in ce wa baƙi su shigar da abin hawansu zaure. Ba a sake kwance mana akuya ba. Inna har yau ba ta taɓa shi, ba ta kuma kiran sunansa, "wancan" take ce masa. Amma in ta kankare ƙanzon tukunya da daddare, a wani tsohon kwano take zubawa daban, ta ce wa ƙaramin jikanta, "Kai wa wancan, kada ya ce mun manta da shi."