Agogonka ya karce? Kar ka yi saurin kai shi a goge

Mu dai Allah ya yi mu da son barin leda a jikin sabon abu. Mutum zai sayi mota ya shekara bai cire ledar kujera ba, rimot ɗin talabijin ma sai an naɗe shi, to haka abin yake a agogo, sai ka ga mutum da agogo mai kyau amma ledar da kamfani ya manna a bayansa da jikin sarƙar tana nan har ta yi baƙi gefenta ya fara naɗewa, zufa da ƙura sun taru a ƙarƙashinta. In ka ce ya cire sai ya ce ai kar ya karce. Alhali ledar nan ta hanya ce kawai, daga kamfani zuwa shago, kuma gishirin zufar da take riƙewa ya fi karcen illa domin shi ne yake cin ƙarfe ya bar ƴan ramuka a murfin baya, su kuma ba sa goguwa.

Ni ra'ayina a kan wannan magana ba mai tsawo ba ne, agogon da ake ɗaurawa dole ya karce, kuma yawancin abin da muke yi don gudun karcen ko don ɓoye shi ya fi karcen ɓata agogon. Amma bari na bi abin a hankali, don akwai karcen da za ka ƙyale, akwai kuma wanda in ka ƙyale shi za ka yi asara.

Farko dai me yake karce agogo? Mutane suna ɗauka sai an buga shi da bango ko ƙofar mota. Wannan ma yana yi, amma babban mai laifin ƙasa ce. Akwai ma'aunin taurin abubuwa da wani Bajamushe Friedrich Mohs ya fitar a 1812, daga 1 zuwa 10, duk abin da yake sama yana iya karce na ƙasa da shi. Farcen mutum yana wajen 2.5, zinare zalla shi ma kusan nan yake, gilas na yau da kullum wajen 5.5, ƙarfen da ake yin jikin agogo shi ma bai yi nisa da nan ba, shi kuwa dutsen kwatz wanda shi ne ya fi yawa a cikin yashi yana kan 7. Ka ga kenan ƙwayar yashi guda ta fi jikin agogonka tauri, ta fi gilashinsa. To mu da muke rayuwa cikin ƙura, musamman lokacin hunturu da in ka ajiye waya minti kaɗan sai ka iya rubuta sunanka a kai, me kake tsammani? Abin da ya fi ba ni dariya shi ne mai tsananin kula da agogo shi ya fi karce nasa, domin duk bayan ɗan lokaci sai ya kama gefen riga ko bakin hankici ya murza fuskar agogon a bushe, ƙurar da take kai ita yake gogawa a jiki. Shi ya sa in ka karkata irin wannan agogon a rana za ka ga wasu siraran layuka sun zagaye ko'ina.

Sai kuma alwala. Sau biyar a rana mutum yana cire agogo, wani ya ɗora a kan siminti ko bakin famfo, fuskar a ƙasa ma wani lokacin, wani ya jefa aljihun gaba inda makullin babur da canji suke, a idar da sallah a mayar. Ma'aikatan ofis kuma nasu a wajen maƙallin sarƙar yake fitowa, nan ƙasan hannu, saboda gogar tebur da gefen kwamfuta. In ka duba maƙallin agogon mutum za ka iya gane mai zaman ofis ne ko mai yawon kasuwa, na ofis layukansa duk gefe ɗaya suke kallo, na ɗan kasuwa da mai hawa adaidaita sahu kuwa gefen jikin agogon ne yake shan wuya.

Gilashin agogo iri uku ne, kuma sanin wanda kake da shi yana rage tashin hankali. Akwai na roba, irin na tsofaffin agogo da su Casio F-91W ɗin nan da ya fito tun 1989 har yau ana yin sa, wannan ko kallonsa ka yi da ƙarfi sai ya karce, amma shi ne mafi sauƙin gyara, ɗan man goge baki farin nan a kan auduga ka murza a hankali ƙananan layukan sun tafi. Akwai gilas na gaske wanda aka ƙara wa tauri, shi ne a yawancin agogo masu matsakaicin kuɗi, Seiko suna kiran nasu Hardlex, wannan yana daɗewa bai karce ba amma in ya karce shikenan sai dai canji, kar wani ya ce maka zai goge. Sai safaya, wanda a masana'anta ake haɗa shi, yana kan 9 a ma'aunin can, yashi ba ya yi masa komai. Sai dai tauri daban juriya daban, safaya in ya sha bugu mai kyau a gefe ɓallewa yake yi ko ya tarwatse, kuma canjinsa akwai tsada.

Wannan maganar ta sa nake son labarin agogon Omega Speedmaster. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta amince da shi a 1965, kuma shi ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya ɗaura a saman rigarsa lokacin da ya taka duniyar wata a Yulin 1969, gilashinsa kuwa na roba ne, wanda ake kira Hesalite. Roba tana karcewa amma ba ta tarwatsewa, a cikin kumbo kuwa inda komai yake yawo a iska ɓarɓashin gilas ba abin wasa ba ne. Har yanzu Omega suna sayar da iri biyu, mai roba da mai safaya, mai safayan ya fi tsada, amma masu son agogo da yawa mai robar suke zaɓa da gangan, sun san zai karce sun yarda.

Mu a nan kuwa in ana maganar agogon da ba ya karcewa ai Rado ne. Duk wanda ya tashi ya ga alhazan da, ya san wannan mai faɗin goshin mai sheƙi, DiaStar, wanda ya fito a 1962 kuma aka tallata shi a matsayin agogon farko da ba ya karcewa, don an yi jikinsa da wani haɗin tungsten mai tsananin tauri. Kuma gaskiya ne, za ka ga wanda ya shekara talatin a hannun dattijo, sarƙar ta saki, maƙallin ya sha duniya, amma goshin nan yana ɗaukar ido kamar jiya aka ciro shi daga kwali. Ina ganin wannan agogon yana cikin abin da ya saba mana da tunanin cewa agogon kirki ba ya nuna shekaru, har muke ganin duk wanda ya karce to jabu ne ko mai araha. Ba haka ba ne. Rolex ɗin miliyoyi ma karcewa yake yi, ƙarfen 904L da suke alfahari da shi tsatsa yake jurewa ba karce ba, kuma tsakiyar sarƙar nan mai sheƙi kamar madubi tun makon farko take fara layi. Na zinare ya fi kowanne saurin karcewa don zinare laushi gare shi, ko da yake mu maza wannan bai dame mu ba tunda addini ya hana mu sa shi, matsalar hajiyoyi ce.

Inda nake rabuwa da masu cewa duk karce ado ne shi ne wajen agogo mai ruwan gwal ko baƙin fenti. Agogon da jikinsa gaba ɗaya ƙarfe marar tsatsa ne in ya karce abin da yake ƙasa irin na saman ne, da shekaru sai layukan su haɗe ya koma wani laushin haske mai kyau. Amma mai ruwan gwal, ruwan nan bai kai kaurin silin gashi ba, ƙarƙashinsa kuma sau da yawa tagulla ce ko wani haɗin ƙarfe mai araha, da zarar ya goge a gefe sai zufa ta shiga, ya fara kuraje, ya bar maka kore a hannu, hannun farar shadda ma bai tsira ba. Irin agogon da ake cika akwatin lefe da su kenan, ranar kai kaya kowa na sambarka, bayan wata shida amarya ta jefa a durowa. Araha ba ta ado. Wannan ba tsufa ba ne lalacewa ce, kuma ni da a ba ni irinsa guda biyar gara Seiko 5 ɗaya na gwanjo, wanda tun 1963 ake yin jinsinsa kuma har yau masu gyara sun san cikinsa kamar yunwar cikinsu.

To yanzu maganar gogewa, wadda ita ce ta sa ni wannan rubutun. Kwanaki ina zaune wajen wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Gari ina jiran ya canza min batir, irin masu ɗan akwatin gilas ɗin nan da madubin ido ɗaya, sai ga wani matashi da agogon mahaifinsa da ya rasu, tsohon otomatik na ƙarfe, ya ce Baba so nake a wanke min shi a goge ya dawo sabo fil. Dattijon ya juya agogon, ya sa farce ya bi gefen ƙafafun nan da suke riƙe sarƙa, ya ce yaro ka ga wannan kaifin? In na sa shi a inji ba zai dawo ba har abada, in wanki kake so na wanke maka cikinsa na sa mai, jikin ka bar shi. Yaron bai ji daɗi ba, ina ganin ma ya ɗauka Baba ne bai iya ba, ya karɓi abinsa ya yi gaba, kuma na tabbata layi na biyu zai samu wanda zai goge masa.

Abin da Baba yake nufi shi ne gogewa ba cike karce take yi ba, cinye ƙarfen da yake kewaye da shi take yi har ya zo daidai da zurfin ramin. Kamar fiƙe fensir ne, kowane zagaye sai ya rage. Kusurwoyin da kamfani ya fitar masu kaifi sai su dulmuye, wuraren da aka yi musu gogin layi-layi marar sheƙi sai su koma sheƙi gaba ɗaya agogon ya zama kamar na roba, rubutun murfin baya ya dushe, in kuma mai ruwan gwal ne to a zama ɗaya za a kai ga tagullar. Garin neman gira a rasa ido.

Su masu tara agogo na duniya sun daɗe da gane wannan, shi ya sa a wajen gwanjonsu tsohon agogon da ba a taɓa gogewa ba ya fi wanda aka goge kuɗi, ko da na farkon duk tabo ne. Rolex Daytona na Paul Newman, ɗan fim ɗin Amurka, wanda matarsa ta ba shi har ta sa aka zana masa a baya ya riƙa tuƙi a hankali, an sayar da shi a New York a Oktoban 2017 a kan kusan dala miliyan 17.8, da karcensa da komai. Ban ce karcen ne ya kai shi wannan kuɗin ba, sunan mai shi ne, amma da wani ya yi karambanin goge shi da ya rage masa daraja. Har ta kai wasunsu suna wuce gona da iri, fuskar agogon da rana ta ƙona ta koma ruwan ƙasa ma sun sa mata suna suna ƙara mata kuɗi, wasu kamfanonin kuma suna yin sabon agogo da launin tsufa na ƙarya, wannan kam ni ban gane masa ba, tabon da ba kai ka yi ba me za ka yi da shi.

Na san kasuwarmu ba New York ba ce. A nan in ka kai agogo sayarwa abin da mai saye zai fara yi shi ne ya karkata shi a haske ya ce ai Malam ya sha jiki, ya zabge rabin kuɗin, shi ya sa dillalai suke gogewa kafin su sa a gilas. In sayarwa za ka yi gobe to wannan lissafin kasuwa ne ba zan hana ka ba. Amma kai mai saye ka sani tsohon agogon da yake sheƙi fiye da shekarunsa an ci jikinsa ne, duba kusurwoyin kafin ka duba hasken.

Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali daban ne. Tsagewa a gilas ko ɓallewa a gefensa, komai ƙanƙantarta, domin ta nan ruwan alwala da na damina yake shiga. Hazo a cikin gilas da safe, wannan kar ka kwana da shi, ruwa ya riga ya shiga kuma tsatsa ba ta jira. Kan wainin, wato ɗan maɓallin gefe da ake saita lokaci da shi, da ya lanƙwashe ko ya daina ɗauruwa. Sai sarƙar da ta fara saki tana lilo, wannan ƙura da zufa ne suka haɗu a tsakanin gaɓoɓin suna cin ƙusoshin a hankali, maganinsa kuma ba kuɗi, tsohon buroshin haƙori mai laushi da ruwa da ɗan sabulu lokaci-lokaci, a wanke sarƙar a shanya, kuma a riƙa jiƙa ƙyalle ko a hure ƙurar kafin a goge fuska. Wanda aikinsa na bugu ne, bakanike ko birkila ko ɗan acaɓa, ya nemi G-Shock ya huta, tun 1983 da Kikuo Ibe na Casio ya fitar da shi don faɗuwa aka yi shi, gilashin ma a lotse yake cikin roba yadda ba zai taɓa ƙasa ba.

Kuma in za ka kai sabis, ko wajen masu akwatin gilas ne ko babban shago, ka faɗa da bakinka tun kafin ka miƙa cewa kar a goge jiki, don da yawa suna yi ne a matsayin kyautatawa ba tare da sun tambaya ba, sai ka zo karɓa a miƙo maka yana walƙiya ana jiran ka yi godiya. Ka ce a duba robar murfin baya, in ta bushe a canza, ita ce take hana ruwa shiga kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.